Gara da Akwatin Tsohon Soja

Ranar da muka buɗe akwatin kakana, marfin ya taho a hannun kawuna kamar busasshen ɓawon gyaɗa. Akwatin katako ne mai koren fenti, shekara da shekaru yana ajiye a kusurwar ɗaki, a kan daɓe, jingine da bango. Daga waje ba abin da ya nuna ya taɓu. Fentin yana nan, kwaɗon yana nan. Ciki kuwa jar ƙasa ce maƙil, an gina ta lungu-lungu kamar saƙar zuma, ga fararen ƙwari suna ta rububin neman duhu. Takardar sallamarsa daga soja, hotonsa da abokansa uku cikin kaki, da wasiƙun ajami da ya ɗaure da zare, duk sun koma ƙasa. Kawu ya sa hannu ya tona, ya zaro abu guda: tauraron tagulla mai tsini shida, lambar yaƙin Bama. Ya goge ta da bakin rigarsa, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "To, ƙarfe dai ya gagare ta."

Tun daga ranar nan na sa ido a kan gara. Da farko haushi ne ya kai ni, daga baya na koma ina kallonta da girmamawa.

A ƙasar Yauri ba a yi wa kowa bayanin gara. Manomin albasa a bakin ruwa ya san ta, masuncin da ya jawo jirginsa tudu ya san ta, mai kanti a kasuwar Yelwa da ya jibge kwalaye a ƙasa shi ma ya sha hannunta. Bahaushe ya rarraba mata sunaye. Gara ita ce ƙaramar fara mai bin bango. Zago shi ne babba mai jan kai, wanda in ya kama yatsa sai ya fitar da jini. Shinge su ne masu fiffike da ke fitowa bayan ruwan farko su yi wa fitila dafifi. Gidan kuwa suri ne in ya tashi sama, jiɓa in ya tsaya ƙarami. Mutane da yawa suna ɗaukar ta 'yar uwar tururuwa, amma masana halittu sun tabbatar da cewa danginta na kusa shi ne kyankyaso. Sun ƙirga mata iri kusan 3,000 a duniya, kaɗan ne daga ciki suke shiga gidan ɗan Adam su yi ɓarna.

Duk dabararta daga rauninta ta samo asali. Jikin gara laushi gare shi, ba ya jure rana, ba ya jure busasshiyar iska. Ma'aikatanta makafi ne. Saboda haka ba ta tafiya a fili sai ta rufa wa kanta hanya. Wannan siririn layin ƙasa da kake gani ya hau bango kamar jijiya, rufaffen titi ne da ta gina da ƙasa da yawu, ƙwaya bisa ƙwaya, domin ta riƙe danshi ta kuma ɓuya daga abokan gaba. In ta isa katako sai ta shiga ta ciki, ta bi laushin itacen tana ci, ta bar fatar waje da fenti yadda ta same su. Shi ya sa mai gida ke yi wa rogo kallon kitse. Yana ganin ƙyaure tsaye, sai ranar da ya jingina a kai hannunsa ya burma.

Wanda bai taɓa ganin an fasa suri ba, bai san gari guda ne a ciki ba. A can ƙasa, cikin wani ɗaki mai tauri kamar tubalin da aka gasa, uwar gara take kwance. Kanta da ƙirjinta ƙanana, cikinta kuwa ya kumbura ya fi babban yatsa tsawo, ba ta iya ko motsawa. A irin zagon da ke gina manyan surin dajinmu, uwar kan yi ƙwai har 20,000 a rana guda, takan kuma rayu kusan shekara 20. Mijinta yana gefenta iyakar rayuwarsu. Su biyun nan shinge ne a da: wata daren damina suka tashi, suka zubar da fiffike, suka tona ɗan rami, gari ya kafu. Cikin dubban da ke tashi a dare ɗaya, tsuntsaye da jemagu da ƙadangaru da kwaɗi da yaran unguwa masu ƙwarya da ruwa suna gamawa da kusan duka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zago manomi ne. Itacen da ya kwaso ba ya narke masa a ciki kai tsaye. Tauna shi yake yi, ya fitar da shi, ya gina wani abu mai ƙofofi kamar soso, ya shuka wata irin funfuna a kai. Funfunar ce ke ruɓar da itacen ta mai da shi abinci. Domin gonar nan ne ake gina suri da hanyoyin iska, ta yadda zafin cikinsa ke zama kusan daidai dare da rana. Da damina funfunar kan ɓullo waje ta zama laimar kwaɗi a gindin suri. Gona, rumbu, ɗakin reno, barikin soja, duk a tsibin ƙasar da muke wucewa ba mu ko waiwaya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji masu iya magana, kuma ban san inda maganar ta fi zama daram kamar nan ba.

Kakana ne ya fara nuna mini sojojinsu. Ina ɗan shekara tara ko goma, muna dawowa daga gona a ƙasar Ngaski, ya tsaya gaban wani suri da ya fi shi tsawo, ya ɓantare gefensa da ƙotar fartanya.

"Abokina, tsuguna ka ga fareti," in ji shi.

Kafin ka ce kwabo manyan jajayen kawuna sun cika bakin ramin, muƙamuƙai a buɗe, kowanne ya fuskanci waje. Na kasa kunne na ji wata 'yar ƙara kamar ana yayyafa yashi a busasshen ganye. Ya ce kawunansu suke bugawa a bango, ƙaho ke nan, suna sanar da na ciki an kawo hari. Ana haka sai ga ƙananan ma'aikata, kowanne da ɗigon laka a baki, suna liƙe ɓarakar daga ciki.

"Kaka, ai za su rufe da waɗannan a waje."

"Za su rufe," ya ce. "Aikinsu ke nan. Su tsaya har a gama rufewa."

Muka zauna har ramin ya toshe. Sojojin da suka rage a waje suna ta kai da kawowa a kan ɗanyar laka, rana tana dukansu, tururuwa sun fara zagaye su. Kaka bai ƙara cewa komai ba har muka iso gida. Sai da na girma na gane ba zago yake kallo ba.

Shi yana cikin 'yan Afirka ta Yamma kusan 90,000 da Ingila ta kwasa zuwa yaƙi da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Runduna ta 81 ta tafi a 1943, ta 82 ta bi baya a 1944. Sun yi yaƙi a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, a kwarin kogin Kaladan da yankin Arakan, har suka ci Myohaung a watan Janairun 1945. Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya, ko hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. Kaka ba ya son zancen harbi. Abin da yake yawan faɗi shi ne ruwan sama da ba ya ɗaukewa, matsattsaku da ke shiga takalmi, kayan da suke ɗauka a ka su hau dutse inda ko alfadari ba ya iya bi, da abincin da jirgin sama ke jefo musu da laima. Yakan ambaci wani kofur ɗan ƙasar Zuru da ya goya shi wuni guda lokacin da zazzaɓi ya kayar da shi. Kofur ɗin bai dawo ba. Yana cikin mutum ukun da ke hoton nan.

Akwai abu biyu game da sojan zago da na karanta daga baya, na so a ce Kaka yana raye in faɗa masa. Na farko, a wannan irin na manyan suri, sojojin duka mata ne. Na biyu, muƙamuƙin da aka yi masa don faɗa ya yi girman da ba ya iya cin abinci da kansa. Ma'aikata ne ke ciyar da shi baki da baki iyakar ransa. Garin da ya mai da shi makami ya ɗauki nauyin cikinsa. Na tuna sojojin da suka dawo a 1946 da kuɗin sallamar da bai kai na Turawan da suka kwana rami ɗaya da su ba. Na tuna kuma dattawan da muke gani da tsofaffin fayil a hammata suna bin sawun fansho, ƙuruciyarsu ta tafi a bariki, ba su koyi noma ba, ba su koyi kasuwa ba.

Babban abokin gabar gara kuwa shi ne gwano, wanda daga gare shi muka samo kalmar jerin gwano. Duk wanda ya yi yawo a dajin Shanga da sassafe ya taɓa cin karo da su: baƙaƙe, a layi, ɗaya ya yi leƙen asiri ya dawo ya ja sauran. Su faɗa wa gara a wurin kiwonta, su dawo kowanne da gawarwaki a baki. Muna cewa gwano ba ya jin warin jikinsa, muna nufin mai aibi ba ya ganin aibinsa. Amma gwano yana da halin da ya kamata a yi masa shaida. Wani masani Bajamushe, Erik Frank, ya bi irin wannan gwanon a gandun dajin Comoé na ƙasar Kodebuwa, ya wallafa a 2017 cewa in zago ya gutsire wa ɗayansu ƙafa, 'yan uwansa sukan ɗauko shi su kawo gida. Binciken da ya biyo baya ya nuna har jinyar raunin suke yi, suna lasa suna shafa masa maganin da ke fita daga jikinsu, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa jinyar suna warkewa su koma fagen fama. Ga runduna biyu a ƙarƙashin ƙafarmu: ɗaya tana ciyar da sojanta amma ta rufe ƙofa ta bar shi in ta ɓaci, ɗaya kuma ba ta barin mai rauni a fili. Kofur ɗin Zuru halin gwano ya yi.

Mutanenmu ba su taɓa ɗaukar suri a matsayin tsibin ƙasa kawai ba. Tun muna yara ake hana mu yin fitsari a kansa ko zuba masa ruwan zafi, ana cewa gidan mutanen ɓoye ne, kamar yadda ake faɗi game da tsohuwar kuka da tsamiya. Ko me mutum ya ɗauka game da wannan, hanin ya yi amfani, domin tsohon suri mazaunin kumurci ne da sauran macizai, kuma dabgi yakan bar manyan ramuka a gindinsa in ya zo tonon abinci da dare. Ƙasar suri kuma tana da danƙo, da ita ake yaɓe rumbu da murhu. Masu kiwon kaji da zabi sukan cika tsohuwar tukunya da kashin shanu da karmami, su yayyafa ruwa, su kife ta a inda gara ke bi, da safe su juye wa 'yan tsaki. Shinge kuwa a soya shi da ɗan gishiri, mai ne da shi kamar gyaɗa.

A daji ma gara ma'aikaciya ce da ba a biyanta. Binciken da aka yi a kusa da Mokwa, kudu da madatsar Kainji, a shekarun 1970, ya nuna cewa fiye da rabin busassun itatuwan da ke faɗuwa a shekara gara ce ke kwashe su ta mai da su ƙasa. Ramukanta ne ke buɗe wa ruwan sama hanyar shiga. Manoman yankin Tawa a Nijar da na arewacin Burkina Faso sun mai da wannan sana'a: su tona ƙananan ramuka a fako, su zuba taki, gara ta zo cin takin ta huhhuda ƙasar, ruwa ya zauna, gero ya tashi inda da ko ciyawa ba ta fita. Gara ba ta san bambancin reshen da ya faɗi a daji da azarar ɗakinka ba. Doka ɗaya take bi: duk mataccen itacen da ya taɓa ƙasa aka bar shi, nata ne.

Kakanninmu sun san dokar nan, suka zauna da ita lafiya. Sukan yi azara da giginya, wadda gara ke sha wuya kafin ta huda ta. Turmi da ginshiƙi sai ƙirya. Jirgin ruwa sai maɗaci ko ƙawo. Rumbu ba ya zama a ƙasa, sai an ɗora shi a kan duwatsu, a bar sarari yadda kaji za su shiga su yi sintiri, a kuma barbaɗa toka. Masunci ya san jirgin da ke cikin ruwa gara ba ta isa gare shi, wanda aka kife a tudu aka manta shi ne abincinta. Sun san sauran maɓarnatan ma: ƙaramin ƙwaron da ke huda gora da ɗanyen katako, ka wayi gari ka ga gari mai laushi ya zubo a kan tabarma, da babban baƙin nan mai gunji da ke fafe rami zagayayye a jikin azara ya yi ƙwai a ciki. Maganin na farkon shi ne a jiƙa itacen cikin ruwa na wasu makonni kafin a yi aiki da shi, abin da ba ya yi wa mutumin bakin kogi wuya.

Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsibirai da garuruwa, aka tayar da mutum fiye da 40,000, Gungawa da Kambari da Lopawa da Hausawa da sauransu, aka zuba su a sababbin gidaje na bulon siminti. Kaka ya ɗauko akwatinsa a ka, kamar yadda ya saba a Bama, ya kawo shi sabon mazauni. Yau manyan itatuwan nan sun yi ƙaranci, gawayi da masu safarar katako sun ci ƙarfinsu, madobiya ma sai da aka yi ta lodinta zuwa Sin. Abin da ke kasuwa farin katako ne mai laushi, wanda in ba a shafe shi da baƙin mai ko maganin gara ba, damina kaɗan zai yi. Mai gini ya sani: a yi wa ramin harsashin gini magani tun kafin a ɗora bulo, kada a binne guntayen katako a ƙarƙashin daɓe, kada a bar famfo yana ɗiga a gindin bango, kada a jingina itacen girki da ɗaki. Rigakafi ya fi magani.

A nan ne laifinmu yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Duk tsawon rayuwar Kaka akwatin nan bai taɓa ƙasa ba. A kan duwatsu huɗu yake, da tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Kowace Juma'a in ya dawo masallaci sai ya ja shi, ya leƙa ƙarƙashi, ya share, ya fito da takardun ya shanya su a inuwa. Yakan ce soja ba ya ajiye kayansa a ƙasa ya yi barci. Bayan rasuwarsa aka gyara ɗakin, wani ya kwashe duwatsun, aka tura akwatin kusurwa. Kowa yana girmama shi, ba mai buɗe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gara ta tarar da abin da muka saki, ta yi aikinta.

Takarda ba ta daɗewa a ƙasar nan in ba mai kula da ita. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John sun zo har Yauri neman takardun Mungo Park, wanda ya mutu a Busa, suka koma ba su same su ba. Sunayen sojojinmu da suka mutu a Bama ba a ga gawarsu ba suna nan a sassaƙe jikin dutse a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, cikin sunaye kusan 27,000. Watakila sunan kofur ɗin nan yana ciki. Ni dai ba zan iya nemo shi ba, domin sau da yawa Kaka ya faɗi sunan a gabana ban rubuta ba, bayan hoton da aka rubuta shi kuma ya zama ƙasa.

'Yan Bama sun kusa ƙarewa. Amma waɗanda suka yi Yaƙin Basasa daga 1967 zuwa 1970 suna nan a Yelwa da Wara da Shanga da ƙauyukan bakin tafki, duk sun haura shekara 70. Bayansu ga waɗanda suka je Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, ga kuma samarin da ke dawowa yanzu daga Borno da dazukan Zamfara, wasu da sanda, wasu da shirun da ba su tafi da shi ba. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara akan ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, da yamma kowa ya watse. Sauran kwanakin shekara na iyali ne da maƙwabta.

Don haka, ɗan uwa, in akwai tsohon soja a gidanku ko a unguwarku, je ka gaishe shi a makon nan. Ka ce, "Baba, ba ni labari," ka kunna wayarka ta ɗauki muryarsa. Tambaye shi bataliyarsa, garuruwan da ya bi, da sunayen waɗanda ba su dawo ba, ka rubuta. Ɗauki hoton takardunsa, ka sa na ainihin a akwatin ƙarfe. In yana bin haƙƙinsa, raka shi. Kafin ka fito daga ɗakin kuma, duba inda akwatinsa yake. In a ƙasa ka same shi, nemo duwatsu huɗu ka ɗora shi a kai.